Ina Man Kuraje Yake Zuwa Bayan Mun Shafa?

'Yan uwa, da yawanmu muna shafa man kuraje mai retinol, dangin bitamin A. In ya ratsa saman fata, ƙwayoyin fata kan juya shi sau biyu: ya zama retinal, sannan asid ɗin retinoyik. Wannan asid shi ke sa fata ta sabunta da sauri. Shi ya sa da farko take bushewa, tana saɓa, ba ta jure rana. Don haka da dare ake shafawa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Abin da ke kaiwa jini kaɗan ne, amma likitoci sun hana mai ciki shafawa, don gudun illa ga ɗan tayi. Mu faɗa wa yayyenmu mata, jiki amana ne. Allah ya kiyaye mu.