Bi wutar tun daga tushe, ɗana

Ɗana, an ce mini ɗan allonka na Arduino Uno ya yi shiru, ko ƙwan kansa ba ya kamawa, har ka fara maganar aikawa Damagaram a sayo wani. Dakata tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Na daɗe ina gyaran rediyo a nan Gure, kuma sau da yawa ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, abincinta ne bai kai gare ta ba.

Cire duk abin da ka jona, ka bar allon shi kaɗai. Hure ƙurar, ka san hunturunmu, rairayi har cikin tuwo. Kafin ka ba shi wuta, juya mitarka inda take ƙara, ka taɓa 5V da GND. In ta yi ta kuka ba tsayawa, wani abu ya haɗe, wataƙila ɗigon dalma ko silin waya guda. Ka ba shi wuta a haka, ɓarna za ka ƙara.

In ba haɗewa, sai ka bi wutar yadda mai lambu a kwari yake bin ruwa daga rijiya zuwa fangali. Sauya igiyar USB. Kusa da bakinta a kan allon akwai ɗan fis da ke yankewa in an ja fiye da 500mA, ya huce ya dawo da kansa.

Amma ni regileta nake zargi, baƙin abin nan kusa da ramin caja. An ce ka jona pannon hasken rana kai tsaye. Haba ɗana. Pannon da aka rubuta wa 12V, da tsakar rana ba kaya a kansa, yana haura 18V, alhali allon 7 zuwa 12 yake so. Rarar kuwa zafi regileta yake mayar da ita. Ko daga 12 zuwa 5, in kana jan 200mA, wat 1.4 ke nan a jikin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ga zafin watan Afrilu. Auna shigarsa, auna fitarsa. In wuta na shiga amma 5 ba ta fita, ciro irinsa daga mataccen allo. In ta haura 5 sosai, cire nan take, kada ta ci ƙwaƙwalwar. Nan gaba sa batir da na'urar daidaita caji a tsakani, in da famfo kuma, ka ba shi tasa hanyar.

Kawo allon bayan la'asar, da mitar. Idona ya yi rauni, kai za ka riƙe ƙarfen dalmar, ni in nuna maka ƙafar.