Gidan Gado Tsakanin Rabo, Sayarwa da Zaman Tare: Nazari a Kan Zaɓin Magada a Biranen Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da ke gaban magada idan mamaci ya bar gida guda ɗaya, bisa mazhabar Malikiyya da dokar ƙasa. Ta nuna cewa jinkirta rabo shi ne babban abin da ke cinye haƙƙin mata da marayu, kuma tantance kason kowa ya kamata ya gabaci duk wata shawara game da makomar gidan.

1.0 Gabatarwa

A wajen Bahaushe gida ya wuce ginin ƙasa da azara. Shi ne asalin mutum, da shi ake kiran zuriya, kuma nan ne mace ke komawa idan aure ya mutu. Saboda haka rabon kuɗi ko dabbobi bai cika tayar da ƙura ba kamar rabon gida. A tsofaffin unguwannin Kano da Katsina da Zariya, inda gidaje suka haɗa bango kuma lunguna suka ƙuntata, sau da yawa gida ɗaya ne kaɗai abin da magidanci ke bari ga mata da 'ya'ya masu yawa.

2.0 Abin da Ke Gabatar Rabo

Malaman fiƙihu sun jera abubuwan da ake fitarwa kafin magada su taɓa dukiya: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Idan bashin ya yi yawa, ana iya sayar da gidan domin biyansa ko da magada ba su so. Haka kuma a Malikiyya matar mamaci tana da haƙƙin zama a gidan da mijinta ya mallaka har ta gama takaba, wato wata 4 da kwana 10, ko ta haihu idan tana da ciki.

Bayan haka ne ake fitar da kaso bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Misali, a ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi. Za a kasa dukiyar gida 8: matar ta ɗauki tumuni, wato kaso 1, kowane namiji kaso 2, kowace mace kaso 1. Idan an yi wa gidan kuɗi naira miliyan 24, matar da kowace 'ya za su sami miliyan 3, kowane ɗa namiji miliyan 6. Lissafin a takarda mai sauƙi ne. Wahalar tana wajen mayar da shi ɗakuna, domin zaure da rijiya da makewayi ba sa kasuwa gida 8.

3.0 Hanyoyi Huɗu da Ke Gaban Magada

3.1 Raba ginin

Ana raba gida idan kowane kaso zai amfanu bayan rabo, ko dai ta yarjejeniya ko ta ƙuri'a bayan an daidaita ƙimar sassan. Wannan ya dace da gida mai faɗi wanda za a iya fasa wa kowane sashe ƙofa. A ƙaramin gida kuwa, rabon kan bar wani da ɗakin da ba shi da hanyar fita sai ta tsakar gidan ɗan'uwansa.

3.2 Sayarwa a raba kuɗi

Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta bayyana cewa abin da ba ya rabuwa sai da cutarwa, idan ɗaya daga cikin masu shi ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Wannan hanya ita ce mafi daidaito a lissafi, amma tana da illa: kason miliyan 3 ba lalle ya sayi wani muhalli a cikin birni ba, kuma hauhawar farashi kan zaftare darajar kuɗin kafin gwauruwa ta sami inda za ta sa kanta.

3.3 Wani magaji ya saye kason sauran

A nan gida ya tsaya a hannun zuriya, sauran kuma sun sami haƙƙinsu. Shari'a ta ƙarfafa wannan da hukuncin shufu'a: idan magaji ya sayar da kasonsa ga bare kafin rabo, abokan tarayyarsa suna da ikon karɓe shi a kan farashin da aka sayar. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba ya cikinsa, kuma yana faɗuwa idan mai shi yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara. Sharaɗin adalci shi ne masana farashi su yi wa gidan kuɗi, kada babban wa ya yanke abin da ya ga dama.

3.4 Barin gidan a tarayya

Magada na iya barin gidan a dunƙule, su ba da shi haya suna raba kuɗin gwargwadon kaso, ko su bar uwa da ƙananan yara a ciki, ko su mayar da shi waƙafi ga zuriya. Dukkan wannan halal ne idan kowane baligi ya yarda da bakinsa, kuma waliyyin maraya bai sarayar da kason marayan ba.

4.0 Illar Jinkiri

Abin da ya fi yawa a aikace shi ne a ƙi zaɓar ko ɗaya. Kunya kan hana 'ya mace neman rabonta, don kada a ce ta tayar da gidan ubanta. Mazan da ke ciki su ci gaba da zama, wani ya ƙara ɗaki, wani ya ɗora bene, har gini ya cuɗe da gado. Idan magaji ya rasu kafin rabo, kasonsa ya koma ga nasa magadan, abin da malaman gado ke kira munasakha. Gidan da yake na mutum 6 sai ya zama na jikoki masu yawa waɗanda wasunsu ba su san juna ba, shaidun asali kuma sun ƙare. Irin waɗannan ƙararraki ne ke daɗewa a kotunan shari'a.

Akwai kuma batun takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya wajabta neman amincewarsa kafin a sauya mallakar filin da ke da takardar gwamnati. Gidan da har yanzu yake da sunan kaka yana da wuyar sayarwa da daraja.

5.0 Kammalawa

Babu hanya ɗaya da ta dace da kowane gida. Faɗin ginin, yawan magada da halin raunana daga cikinsu su ne ma'auni. Abin da bai kamata a jinkirta ba shi ne tantance kason kowa a rubuce, gaban shaidu ko alƙali, da zarar an gama takaba. 'Yar da ta san kasonta sannan ta bar wa ɗan'uwanta ta yi kyauta, kuma tana da lada. Wadda ba a taɓa faɗa mata ba, an ci haƙƙinta ne, ko da gidan ya ci gaba da amsa sunan mahaifinta.