Wane ne mai hannu huɗu da muke gani a fina-finan Indiya?



Daga Dambatta har Bichi, da wuya a sami ƙauyen da ba a kallon fim ɗin Indiya na fassarar Hausa. Sau da yawa muna ganin an ɗora 'yar fitila a faranti ana juya ta gaban hoton wani mai shuɗiyar fata da hannu huɗu. Mu dai "gunki" kawai muke cewa mu wuce. To sunansa Bishnu, amma a littattafan Turanci da harafin V ake fara rubuta shi.

Mabiya addinin Hindu su ne kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya a ƙidayar 2011. A imaninsu akwai manyan ababen bauta uku: Birahma mai halitta, Shiba mai rusawa, sai Bishnu mai kiyaye duniya. A hannayensa yana riƙe da ƙaton ƙwanson katantanwar teku da ake busawa, da faifai mai kaifi na jifa, da kulki, da furen da ya yi kama da na bado. Matarsa ita ce Lakshimi, wadda suke roƙo arziki.

Sun ce idan zalunci ya yi yawa, Bishnu yakan sauko duniya a wata siffa. Siffofi 10 aka fi ƙirgawa, ciki har da kifi da kunkuru, kuma suna jiran ta ƙarshe mai suna Kalki. Biyu daga ciki mun daɗe da saninsu ba tare da mun lura ba. Na bakwai shi ne Rama, ɗan sarkin da ya yi shekara 14 a daji, har Rawana sarkin Lanka ya sace masa matarsa Sita, ya yi yaƙi ya ƙwato ta. A arewacin Indiya, bikin fitilu na Diwali murnar komawarsa gida birnin Ayodiya ne, kuma yana faɗowa a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da mu muke fama da girbi. Duk wanda ya kalli RRR na 2022 ya ga Ram Charan ya fito da kwari da baka a ƙarshe. Shigar Rama ce aka yi masa.

Na takwas shi ne Kirishna. Labarinsa ya fi kama da rayuwarmu, don a cikin makiyaya ya tashi, yana kiwon shanu yana busa sarewa kamar ɗan Fulani, wai har yana satar man shanu a ƙuruciyarsa. Ɗaya daga cikin sunayensa shi ne Govinda. E, sunan jarumin nan mai rawa!

Mu Musulmi ba mu yarda akwai abin bauta ba sai Allah ɗaya, kuma sanin abin da wasu suka yi imani da shi ba bin sa ba ne. A ganinmu rashin sanin ne ma ya fi haɗari, domin akwai yaran da ke rera waƙar da suka ji a fim alhali waƙar bauta ce. Akwai kuma masu ɗauka cewa duk Ba'indiye ɗan Hindu ne, bayan Shah Rukh Khan da Aamir Khan Musulmi ne.

Batun bautarsa kuwa, masu bin Bishnu sukan zana alama a goshi mai kama da harafin U, yayin da masu bin Shiba ke jan layi uku a kwance. Suna shuka tulsi a tsakar gida, wani ganye mai ƙanshi dangin ɗaɗɗoya, suna miƙa masa shi tare da furanni da abinci. A wurin bautarsa na Tirumala da ke jihar Andhra Pradesh, dubban mutane ne ke zuwa kullum, da yawa su aske kansu ƙwal, har da mata.

Suna da azumi mai suna Ekadashi, sau biyu a kowane wata, ranar 11 bayan tsayuwar sabon wata da ranar 11 bayan cikarsa. A ranar ba a cin hatsi ko wake, wato da a nan ne babu tuwo, babu fura, babu ɗanwake. Wasu sukan sha madara su ci 'ya'yan itace, wasu kuwa ko ruwa ba sa sha sai gari ya waye.