HIMMA DA ƘASHIN ARZIKI: DARASI DOMIN IYALANMU

'Yan'uwana, a cikin ziyarar da nake kai wa Falgore da sauran ƙauyukanmu na ƙasar Rogo da Ƙaraye, akwai maganar da na sha ji. Idan na tambayi magidanci dalilin da ya sa ya cire ɗansa daga makaranta, sai ya ce, "Fada, ɗan talaka ko ya yi karatu, gona zai dawo." Idan kuwa na tambayi saurayin da ke zaune a gindin darbejiya tun hantsi, sai ya ce arziki ƙashi ne, wanda ba a haife shi da shi ba, wahala kawai yake yi. Darasinmu na wannan wata zai duba wannan magana: shin mutum yana iya tashi daga inda aka haife shi? Kuma mene ne rabon himmarsa a cikin tashin?

Labarin maraya na Bebeji

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A garin Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, mafatauta. Yana yaro ƙarami mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta ƙaura zuwa Ankara, wadda ke ƙasar Gana ta yau. Wata baiwa mai suna Tata ce ta riƙe shi, daga nan sunan Ɗantata ya samo asali. Ya yi almajirci, ya yi ƙananan sana'o'i, kuma ana ba da labari cewa tun a lokacin ya saba da jefa ɗan abin da ya samu cikin asusu.

Da yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, aka ci Bebeji, aka kama shi, sai da ya fanshi kansa. Wani da ya ce shi ke nan, ƙaddara ta rufe ƙofa. Shi kuwa sai ya kama hanyar Gwanja, ya shiga fataucin goro. Maimakon ya tsaya ga ayarin jakuna kaɗai kamar na iyayensa, ya riƙa ɗora kayansa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, Turawa suka buƙaci gyaɗa, sai ya juya ga sayenta, har ya zama babban wakilin Kamfanin Neja a 1918. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, kuɗin azurfa ya kai ajiya a kan raƙuma ashirin. Lokacin da ya rasu, a watan Agusta na 1955, ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Abin da labarin ke koya mana

Na farko, himma tana farawa da abin da ke hannu, kome ƙanƙantarsa. Yaron da ya koyi adana wuri ɗaya shi ne ya iya riƙon kayan raƙuma ashirin. Da yawa daga cikinmu muna jiran babban jari kafin mu motsa, alhali kuɗin gyaɗa da na rake suna ƙarewa kafin Janairu a wajen biki da shaye-shaye.

Na biyu, mai himma yana buɗe ido ya ga sauyin zamani. Jirgin ƙasa ya iso wa dukan Kanawa a rana ɗaya, amma waɗanda suka riga suka shirya su ne suka ci moriyarsa.

Na uku, mu faɗi gaskiya: himma ita kaɗai ba ta isa ba. Ɗantata ya tashi cikin dangi masu sanin hanyar fatauci, ya sami mai riƙonsa, ya sami mutanen da suka amince masa da bashi, shi ma ya amince wa wakilansa na ƙauyuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka kada wanda ya samu ya dubi talaka ya ce lalaci ne ya hana shi. Akwai manomin da yake sunkuye tun asuba har la'asar, amma gonar gado ta rabu kashi shida, taki ya fi ƙarfinsa, ciwo ɗaya ya cinye amfanin shekara. Irin wannan ɗan'uwa tallafi yake bukata daga gare mu.

Mu dawo gida

Ƙofofi biyu sun buɗe a ƙasarmu waɗanda kakanninmu ba su samu ba. Ta farko ita ce makaranta. Tun da aka kawo ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, 'ya'yan manoma da yawa sun zama malamai, ma'aikatan jinya da ma'aikatan gwamnati. Gaskiya ne, akwai masu takarda da ba su sami aiki ba. Amma ko wanda ya dawo gona, yana iya karanta ma'aunin maganin feshi, ya yi lissafin buhunansa, ba mai cutarsa a sikeli. Ku tuna kuma da 'ya'ya mata. Yarinyar da aka bari ta gama karatu, gida biyu take ɗagawa, na iyayenta da na aurenta.

Ƙofa ta biyu ita ce ruwa. Madatsar Chalawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, ta kawo kamun kifi da noman rani. Saurayin da ya ari fili a bakin ruwa ko a fadama, ya haɗa kai da abokansa uku suka yi hayar injin ban ruwa, yana iya dawowa da abin da ya fi na mai tafiya cin rani birni. Aikin yana da wuya, kasuwar tumatir kuma takan faɗi. Duk da haka, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Iyaye, maganar da kuke faɗa wa yaro ita ce jarinsa na farko. In kullum yana jin "mu ba mu gaji wannan ba," zai daina nema tun bai fara ba. Ku kuma da kuka ɗan samu, ku waiwaya: ku ɗauki yaro ɗaya ku koya masa sana'a, ko ku biya wa maraya kuɗin jarrabawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace magana ce muke faɗa a gida wadda ke kashe wa yara zuciya?
2. Wane ne ya riƙe hannunka lokacin da kake farawa, kai kuma hannun wa ka riƙe?
3. Zumuntar mata da ta matasa za su iya kafa adashi domin kuɗin makaranta kafin kaka mai zuwa?

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya raya mana zuriya. Amin.