Tashen Balaga

Ɗana, matso kusa ka zauna. Jiya na ga fuskarka ta canza da gwaggonka ta ce ana fama da kai, wai tashen balaga ke damunka. Ƙannenka suka yi dariya, ka tura baki ka fice. Kada ka riƙe ta a zuci. Ni ma an faɗa mini haka a nan Dandin Mahe, ranar da na yi tuntuɓe da ƙwaryar fura a gaban baƙi. Ƙafafuna sun riga hankalina tsawo, shi ke nan laifina.

Bari in warware maka kalmar. Tashe daga tashi ya fito. Daga nan muka samo matashi, wato mai tasowa, kamar yadda noma ya ba mu manomi. Tashen da kuke yi da azumi, in watan ya kwana goma, shi ma ɗan gidan ne. Balaga kuwa baƙuwa ce da ta zauna har ta zama 'yar gari. Daga Larabci malamai suka kawo ta, ma'anarta isa. Ka haɗa biyun, ka ga mutumin da ya miƙe ya kama hanya, bai dai kai ba tukuna.

To, mai tafiya ba ya rasa tuntuɓe. Riga ta ɗage, murya ta fashe kamar ta zakaran da ke koyon cara. Cikin yara ka yi girma, cikin manya a ce je ka ɗebo ruwa. Wannan duk mai wucewa ne. Magabata sun ce ƙuruciya dangin hauka, kuma da murmushi suka faɗa, don su ma sun bi ta nan.

Amma akwai abin da ba ya wucewa. Da balaga ta zo, malamai suna kiranka mukallafi. Salla ta hau kanka, azumi ya hau kanka, alƙalami ya fara rubutu. Mutanen gari ma suna da nasu rubutun. Za su manta ƙwaryar da ka fasa. Ba za su manta dattijon da ka ɗaga wa murya a bakin kasuwa ba, sai ranar neman aurenka su tuno. Abokin da ka zaɓa yanzu kuma, shi zai zaɓa maka suna.

Shi ya sa a da ba a barin wannan ƙarfi ya zauna banza. Sarkin samari ya kira gayya, a yi wa gonar tsoho taron dangi, bayan kaka a fita kokawa a dandali, dare ya yi a koma gaban allo. Dubi Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. An haife shi a 1754, yana ɗan shekara ashirin ya fara wa'azi. Kana jin a ina ya kashe shekarun da kake ciki yanzu? A gaban malamansa.

Saboda haka in an sake faɗa maka kalmar nan, ka yi dariya tare da su. Ka sassauta murya a gaban mahaifiyarka, ka riƙe sallarka, ka kama sana'a ko littafi da hannu biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Tashi ka je ka gaida gwaggonka. Allah ya yi maka albarka.