Tsohuwar 911 Ta Mahaifinka: Ta Ina Za Ka Fara?

Wani mai karatu ya aiko mini da tambaya daga Funtuwa. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya bar musu Marsandi 911 mai bodin katako. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana tsaye a bayan gida, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Sau biyu 'yan gwangwan suna zuwa suna taya ta a kan kilo. Shi kuwa ransa bai ba shi ya sayar ba. So yake ya tashe ta don sha'awa kawai, ba don haya ba. Ta ina zai fara?

Ɗan'uwa, kada ka sayar, kada kuma ka yi saurin kiran mai fenti. Abin da ke bayan gidanku ba tarkace ba ne. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara fitar da wannan samfuri mai gajeren hanci a 1959, bai daina ba sai 1995. Lambar ma bayani ce: 9 ɗin tana nufin tan 9 idan aka haɗa nauyin mota da kayanta, 11 kuma ƙarfin doki 110. An riƙa harhaɗa irinta a masana'antar ANAMMCO ta Inugu, a zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Ita da 'yan'uwanta suka yi ta jigilar auduga da hatsi da shanu tsakanin Arewa da Kudu, kuma kullum raguwa suke yi.

Ka fara da takarda. Nemo takardun motar, ka goge wurin da aka buga lambar shasi, ka tabbata lamba ta zo ɗaya. Tunda kayan gado ce, a zauna da sauran magada a yi mata kuɗi, a rubuta da shaidu, kafin ka kashe ko sisi. Tana kwance ba mai kallonta. Ranar da ta tashi tana ƙyalli kowa zai tuna yana da rabo.

Daga nan sai shasi, domin shi ne motar. Inji ana sauyawa, bodi kafinta zai sake, amma shasin da ya ruɓe ko ya murɗe ya gama magana. Samu ƙaramar guduma ka bi shi daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tas. Inda ka ji sautin ya mutu ko ɓawon tsatsa na zubowa, yi masa alama da alli. Ka fi zura ido a inda sifirin ya kama shasi, nan ne ya fi tsagewa. Idan ka ga tsaga, ba kowane mai walda ake kai wa ba, sai wanda aikinsa ke nan a garejin manyan motoci.

Sai inji, inda mutane suka fi ɓarna. Za a zo maka da batir a ce a buga mata a ji. Kada ka yarda. Yawancin waɗannan motoci injin OM 352 ne a cikinsu, mai silinda shida, lita 5.7. Inji ne mai haƙuri, amma shekara goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ce. A zubar da tsohon dizal, a wanke tanki, don ruwa da dauɗa sun kwanta a gindinsa. A juye baƙin mai, a sauya filtoci. A cire nozul duka, a ɗiga mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu. In ya zagaya sumul, alhamdu lillahi. In ya cije, a buɗe shi a ga dalili. Tilasta shi da sitata shi ke karya ringi ko lanƙwasa wani abu a ciki.

Akwai wani haɗari da ban so ka manta. A cikin famfon nozul akwai sandar da ke rage mai da ƙara shi. Idan ta maƙale a buɗe saboda daɗewa, injin na tashi zai yi ta hawa, ba abin da zai tsayar da shi sai an toshe masa iska. Na taɓa ganin haka a wani gareji: ƙara kamar za ta tsaga bango, hayaƙi ya rufe wurin, yara sun watse, sai wani dattijon makaniki ya ɗauko guntun katako ya danne bakin shan iska, injin ya mutu. Saboda haka a kai famfon wurin masu gwada shi tukuna, ranar tayarwa kuma wani ya tsaya da katako a hannu. Katako na ce, ba tsumma ba, ba tafin hannu ba.

Inji ya tashi ba yana nufin a hau titi ba. Birki ne gaba da komai. Duk wata roba da tiyo na birki a sauya, ko da ka ga kamar da sauransu. Man birki yana shan danshi, tsohon ya zama ruwa. In tana da tankin iska, a buɗe ƙasansa a tsiyaye ruwan da ya taru. Wajen buɗe ƙafafu kada a hura ƙurar birki da iska, a jiƙa ta a goge, domin tsofaffin takalman birki na ɗauke da sinadarin asbestos mai lalata huhu. Kuma kowa ya sani, ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. A kafa mata kututture, a tare tayoyi.

Tayoyin nan ma sun gama aiki, ko da zanensu bai cinye ba. In za ka sayi wasu, duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Gargaɗi na musamman a kan rim mai zobe: in zoben bai zauna daidai ba, yana iya fallewa lokacin ba da iska, kuma yana kisa. A ɗaure tayar da sarƙa, kowa ya kauce daga gabanta.

Kayan gyara ba za su gagare ka ba. Ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ka tafi da tsohon abin a hannu don a gwada. Duk abin da aka kwance, ɗauki hotonsa da waya, ka zuba kusoshinsa a leda ka rubuta sunansa. Aikin zai ɗauki watanni, kai ba zai riƙe ba.

Bodi kuwa, nan zuciyata take. Kafin kafinta ya taɓa shi, ɗauki hoton kowane zane da kowane rubutu, na goshi da na baya. Allon da gara ba ta ci ba a bar shi, sauran a sake da katako mai ƙwari, a shafe shi da maganin gara. Kalmar da mahaifinka ya sa aka rubuta a goshin motar, a mayar da ita yadda take, da irin launinta, da hannun mai zane. Kada a manna mata sitika.

Bayan ta tashi, zama ne babban abokin gabarta. Duk bayan mako biyu ka fita da ita ta yi tafiya har inji ya yi zafi sosai. Bar tanki a cike don kada danshi ya taru, a bi wuraren giris, a cire kan batir in za ta kwana da yawa, a yi mata rumfa. Lokacin hunturu a yawaita duba filtar iska, a kuma sa ido kan ɓeraye, suna son wayoyi. Ka tabbata lasisinka na tuƙin manyan motoci ne, takardunta da inshora kuma sun cika.

Abu na ƙarshe, nemi tsohon direba ko makanikin da ya yi zamani da ita, tun suna raye. Je ka gaishe shi da goronka, ka ɗauko shi ya zo ya saurari injin. In yaron motar mahaifinka yana nan, da shi za ka fara.