Hanyar Gano Binciken Masana Kiwon Lafiya a Laburare: Misali da Ciwon Sanƙarau a Illela

Gabatarwa

Garin Illela yana arewacin Jihar Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ya yi maƙwabtaka da Birnin Ƙonni. Kamar sauran garuruwan wannan yanki, Illela na cikin zirin ƙasashen da ciwon sanƙarau ya fi addaba, wanda ya faro daga Senegal ya dangana da Habasha. Ciwon yakan taso da rani, ya tsananta da bazara, sa'annan ya lafa da zarar damina ta sauka.

A ƙaddara cewa wani ɗalibin sakandare a Illela ya yi wa malaminsa na kimiyyar halittu wannan tambaya: tunda an yi wa jama'a allurar rigakafin sanƙarau tun daga 2011, me ya sa annobar ta sake ɓarkewa a jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017? Tambaya ce mai nauyi, domin idan aka kasa amsa ta, sai jama'a su ɗauka cewa allurar ba ta da amfani. Littafin karatu na aji ba zai wadatar ba. Amsar tana cikin mujallun masana, kuma manufar wannan darasi ita ce a nuna hanyar isa gare ta.

Mujalla, fihirisa da rumbun bayanai

Idan masani ya kammala bincike, yakan rubuta maƙala ya aika wa mujallar ilimi. Editan mujallar ba ya buga ta sai ya miƙa wa wasu masana na wannan fanni sun tantance ta, sun duba hanyar da aka bi da kuma ko sakamakon ya dace da hujjojin da aka kawo. Wannan tantancewa ita ce ta bambanta maƙalar mujalla da labarin jarida ko saƙon da ke yawo a wayar hannu.

Sai dai mujallun likitanci dubbai ne, ba wanda zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ne a 1879 wani likitan sojan Amurka, John Shaw Billings, ya fara fitar da Index Medicus, watau fihirisar da ke jera maƙalun likitanci bisa ga batu da sunan marubuci. Fiye da shekara ɗari, mai bincike yakan zauna ne gaban waɗannan manyan kundaye yana buɗe su shekara bayan shekara. A 1971 Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya buɗe MEDLINE, wanda ake bincikawa ta kwamfuta, a 1997 kuma aka sake shi kyauta ga kowa ta intanet ta hanyar PubMed. An daina buga Index Medicus a takarda a ƙarshen 2004. Yanzu PubMed na ɗauke da bayanan maƙalu fiye da miliyan 35.

Ya kamata a lura da cewa rumbun bayanai irin wannan ba cikakkiyar maƙala yake bayarwa ba a mafi yawan lokuta. Abin da yake bayarwa shi ne take, da sunayen marubuta, da sunan mujalla, da shekara, da kuma tsakure, watau taƙaitaccen bayanin abin da aka yi da abin da aka gano.

Mayar da tambaya kalmomin nema

Kwamfuta ba ta san "sanƙarau" ba. Aikin farko shi ne a rarraba tambayar gida-gida, a samo wa kowane gida kalmarsa ta Ingilishi. Tambayar ɗalibin nan tana da gida uku: ciwon, da wurin, da lokacin. Sunan ciwon a likitance meningococcal meningitis, ƙwayar cutar da ke haddasa shi kuwa Neisseria meningitidis. Akan haɗa kalmomin da AND idan ana son su zo tare a maƙala guda, da OR idan ɗaya daga cikinsu ta wadatar. Ke nan AND na taƙaita sakamako, OR kuma na faɗaɗa shi. Ɗalibai da yawa sukan rikita waɗannan biyu.

Har ila yau akwai jerin kalmomi na musamman da ake kira MeSH, wanda aka fara tun 1960. Kowace maƙala da ta shiga MEDLINE akan liƙa mata kalmomin wannan jeri da suka dace da ita, ko da marubucin ya yi amfani da wani suna dabam. Wanda ya nemi ciwo da kalmarsa ta MeSH zai tattaro maƙalun da da sun kuɓuce masa.

Tarkon da ke kan iyaka

A nan ne mai bincike daga Illela zai fi bukatar natsuwa. Idan ya rubuta sunan garin shi kaɗai, abin da zai samu kaɗan ne, domin masu bincike sun fi ambaton jiha ko ƙasa a take da tsakure. Bugu da ƙari, Illela biyu ce: akwai ta Jihar Sakkwato, akwai kuma wata a yankin Tawa na Nijar, wadda ake rubutawa Illéla da Faransanci. Wanda bai karanta da kyau ba sai ya jingina alƙaluman wannan ga waccan. Dabara ita ce a fara da Sokoto, sa'annan a faɗaɗa zuwa Nigeria.

Amma tsayawa a Nijeriya kuskure ne. Ƙwayar sanƙarau tana yaɗuwa ne ta numfashi da tari a cikin cunkoso, kuma mutanen Illela da na Ƙonni kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, suna zumunci. Dole ne a nemi abin da aka rubuta game da Nijar. To, da zarar an rubuta Niger, sai wata matsala ta kunno kai. Kwamfuta za ta iya kawo maƙalu kan Jihar Neja, da yankin Neja Dalta, da wani nau'in fumfuna mai suna Aspergillus niger, har ma da mujallun Nijeriya da ake taƙaita sunayensu da wannan kalma. Maganin wannan shi ne a nemi Niger a matsayin kalmar MeSH, wadda ke nufin ƙasar kawai, ko kuma a haɗa da sunayen wurare irin su Niamey da Tahoua da Konni, kamar yadda ake rubuta su a can.

Akwai kuma batun harshe. Wani ɓangare na binciken Nijar da Faransanci aka buga shi, a mujallu irin su Médecine Tropicale, kuma cibiyar CERMES da ke Yamai ta daɗe tana bin diddigin wannan ciwo. Hasali ma, aikin da ya fara zayyana zirin sanƙarau na Afirka, wanda Léon Lapeyssonnie ya wallafa a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1963, da Faransanci yake. Wanda ya umarci kwamfuta ta kawo masa Ingilishi zalla ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Alhali kuwa irin waɗannan maƙalu sukan zo da tsakure na Ingilishi, kuma a gari irin Illela mai jin Faransanci ba ya wuyar samu.

Abin da binciken zai nuna

Wanda ya bi waɗannan matakai zai tarar cewa ƙwayar sanƙarau rukuni-rukuni ce, kuma shida ne suka fi haddasa ciwo: A, B, C, W, X da Y. Rukunin A ne ya jawo babbar annobar 1996, wadda Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka ba da rahotonta a shekarar 2000: mutum fiye da 109,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac, da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, rukunin A kaɗai take karewa, kuma ta yi aikinta, domin annobar wannan rukuni ta kusa ɓacewa. Amma a 2013 sai wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a Jihar Sakkwato, ya haddasa annoba a Nijar a 2015, sa'annan a arewa maso yammacin Nijeriya a 2017, inda aka yi zaton mutum fiye da 14,000 sun kamu. Amsar ɗalibin ke nan: allurar ba ta gaza ba, wata ƙwaya ce dabam ta zo. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kare rukuni biyar, watau A, C, W, X da Y.

Wannan ya nuna muhimmancin duba shekarar maƙala. Wadda aka rubuta a 2012 za ta iya cewa an kusa gamawa da annobar, kuma gaskiya ta faɗa a lokacinta. Haka nan a duba mutum nawa aka bincika, kuma shin an tabbatar da ƙwayar a ɗakin gwaji ko zato kawai aka yi. Ga mai koyo, ya fi kyau ya fara da maƙalar bita, wadda ke tattara binciken mutane da yawa wuri guda.

Samun cikakkiyar maƙala

Tsakure ba ya isa a kafa hujja da shi. Maƙalu da yawa suna nan kyauta a PubMed Central, wanda aka buɗe a 2000. Mujallun Afirka kuwa, waɗanda ba duka MEDLINE ke ɗauka ba, akan same su a African Journals Online da African Index Medicus. A nan gida ma akwai Sahel Medical Journal, ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mujallun da ake biya kuɗi kafin a karanta, akwai shirin HINARI da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002, wanda ke buɗe su kyauta ko da rahusa ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Jami'o'i da asibitocin koyarwa ne ke yin rajista, ba ɗaiɗaikun mutane ba.

Saboda haka malamin da zai tashi daga Illela zuwa Laburaren Abdullahi Fodiyo na jami'ar da ke Sakkwato, ya tafi da cikakken bayanin kowace maƙala a rubuce: sunan marubuci, da shekara, da sunan mujalla, da lambar kundi, da shafi. Da wannan ne ma'aikacin laburare zai duba ko suna da ita, ko kuma ya nemo ta daga wani laburaren, kamar na Kashim Ibrahim da ke Zariya.